WBC ɗinta 3.4, na ɗan maƙwabci 19, to wa ya fi garkuwa?

Wani ƙanenmu daga Ƙofar Marusa ya turo mani tambaya, ya ce in amsa a fili don ba shi kaɗai abin ya dama ba. An yi ma ƙanwarshi gwajin jini na FBC mai ƙirga ƙwayoyin jini, WBC, wato yawan fararen ƙwayoyin jini, ya fito 3.4, mai kemis ɗin unguwarsu ya duba takarda ya ce garkuwar jikinta ta sauka, sai ta sha maganin ƙara garkuwa na wata ukku. Yarinyar kau lafiyarta lau, ko mura ba ta cika yi ba. Ga kuma ɗan maƙwabcinsu mai sikila, nashi kullum 17 ko 19 yake fitowa amma ba ya wata biyu ba a kwantar da shi ba. Ya ce to in yawan fararen ƙwayoyin jini ne garkuwa ai yaron nan ya kamata ya fi kowa lafiya a layin, sannan wai ma ta yaya ƙwayoyin nan ke sanin inda ciwo yake tunda ba ido gare su ba?

Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, kuma ta biyun ce ke warware ta farkon. Aikina ke nan a ɗakin gwajin jini, kuma abin da na fi son mutane su gane shi ne injin ɗin nan ƙirga kawai yake yi, ba ya gaya maka ko ƙwayoyin da ya ƙirga suna jin kiran juna. Garkuwa kau a wannan kira da amsawa take, kuma da furotin ake yin shi, wasu furotin ɗin ƙwaya ke fesawa waje su tafi da saƙo, wasu kuma a manne suke a bayan ƙwayar suna jiran saƙo ko suna jiran su taɓa wata ƙwaya.

3.4 ɗin nan ma'anarshi ƙwaya 3,400 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na mililita na jini. Mafi yawan takardun gwaji za ka ga sun rubuta 4.0 zuwa 11.0 a gefe, duk abin da ya fita daga nan sai injin ya buga mashi tauraro ko L ko H, daga nan hankalin mutum ya tashi. Amma jimilla ce ta ƙwayoyi iri biyar da aikinsu ya sha bamban. In na shafa jini a gilashi na rina shi na sa a maikiroskof, nutrofil na gane shi da cibiyarshi, wato ƙwallon da ke tsakiyar ƙwayar, da ta rabu gida ukku zuwa biyar da ɗan siririn zare tsakani, shi ne mafi yawa, wajen rabi zuwa kashi 70 cikin 100. Limfosait ƙarami ne kewayayye, cibiyar ta kusa cinye shi duka. Monosait shi ne ƙato, in ya fita daga jini ya zauna cikin nama sai ya zama makrofej. Iyosinofil yana da tsaba-tsaba ruwan lemo a cikinshi, in na ga sun yi yawa a jinin yaro tambayata ta farko ita ce yana wanka a dam ko kududdufi, don tsargiya da tsutsar ciki na sa jiki ya saki wani furotin IL-5 wanda shi ke umartar ɓargo ya ƙara su. Sai besofil, da ƙyar kake ganin ɗaya. Sannan dukkansu jini hanya ce kawai gare su, aikinsu a cikin nama yake, da saifa, da kaluluwa, da hanji. Ɓargonka na fitar da nutrofil wajen biliyan 100 a kowace rana, kowane ya yi 'yan awoyi ko kwana guda a jini ya fice. Kai ko cikin jinin ma kusan rabinsu suna rakuɓe a jikin bangon jijiya, sirinji ba ya ɗebo su. Ke nan mu masu wucewa muke ƙirgawa.

Yanzu ɗauki yaro ya taka ƙaya a bayan gida. Ƙayar ta shiga da bakteriya. Akwai makrofej da ke zaune a fatar nan tun tuni, a bayanshi akwai wasu furotin masu ganewa da ake kira TLR, aikinsu su shaida abin da jikin mutum ba ya yin irinshi, misali wani sinadari da ke bangon bakteriya. Da ya taɓa, cikin awa ɗaya zuwa biyu makrofej ya fara feso furotin ɗin saƙo, su ake ce ma saitokain, manyan na farko su ne TNF da IL-1 da IL-6, sai wani IL-8 wanda shi aikinshi janyowa. Ɗan mitsitsi ake saki, a gwaji da fikogiram muke auna su, wato kashi ɗaya bisa tiriliyan na giram, amma ya isa, don kowane saƙo yana da makarɓinshi da ya dace da shi kaɗai, ƙwayar da ba ta da wannan makarɓin ko saƙon ya yi ambaliya a kanta ba ta san ana yi ba. Wannan ne ya sa abu ɗaya ke iya zagaya jiki gaba ɗaya amma wasu ƙwayoyi ƙalilan ne za su motsa.

Wurin da ya fi burge ni shi ne yadda nutrofil ke sauka daga jini, don jini gudu yake ba ya tsayawa kowa. TNF da IL-1 ba nutrofil suke fara yi ma magana ba, bangon jijiyar da ke kusa da ciwon suke gaya mawa. Bangon sai ya fito da wasu furotin masu ɗanɗanƙo, selektin, a samanshi. Nutrofil da ya zo wucewa yana da abokin kamunsu a bayanshi, sai ya kama ya saki, ya kama ya saki, gudunshi ya ragu ya koma mirginawa a jikin bango. Ka san yadda mai Keke Napep ke yi a titin Ƙofar Ƙaura in yana neman fasinja, ya rage wuta ya rakuɓe gefen titi yana tafiya a hankali yana kasa kunne, bai tsaya ba amma da an ce "kai mai keke" zai taka birki? To haka. Kiran shi ne IL-8 ɗin nan da aka liƙa a bangon. Da ya ji shi, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya wasu furotin da ke kwance a bayanshi a lanƙwashe, integirin, sai su miƙe su damƙi wani furotin na bango mai suna ICAM-1, ya tsaya cak, ya baje, ya kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon ya faɗa cikin nama, daga nan ya dinga bin inda IL-8 ya fi kauri har ya isa bakin ƙayar. Ba ido ba ne, bambancin kaurin saƙo tsakanin gabanshi da bayanshi yake ji. Ja da zafi da kumburin da ka gani a ƙafar yaron jijiyoyi ne suka buɗe, mugunyar da ta fito bayan kwana biyu kuma mafi yawanta gawarwakin nutrofil ne.

Akwai wata cuta ta gado, ba ta da yawa ko kaɗan, da ake haifar jariri ba shi da wani ɓangare na integirin ɗin nan, CD18. Cibiyarshi ba ta faɗuwa da wuri, takan haura wata guda, ciwo ya yi ta cin fatarshi da dasashinshi amma ba mugunya ko ɗigo. In ka auna jininshi WBC na iya kai 30, 50 ko fiye. Ƙwayoyin suna nan cunkus a jini, suna jin kira, ba su iya sauka. Da mai kemis ɗinku ne ya ga takardar yaron nan sai ya ce ya fi kowa garkuwa a Katsina.

Saƙon ba a ƙafa kaɗai yake tsayawa ba in abin ya yi girma. IL-1 da IL-6 da TNF na shiga jini su kai ƙwaƙwalwa, wurin da ke daidaita zafin jiki, a can su sa a haɗa wani sinadari furostagilandin, shi kuma ya ɗaga ma'aunin daga 37 zuwa 39 ko 40. Shi ya sa mai masassara ke karkarwa yana neman bargo alhali jikinshi kamar wuta, ƙwaƙwalwa ce ke ganin har yanzu bai kai inda aka ce a kai ba. A maleriya, duk lokacin da jajayen ƙwayoyin jini suka fashe suka zubo da ƙwayar cutar da dattinta, makrofej ya sake fesa saƙon, masassara ta dawo. Farasitamol furostagilandin ɗin yake ragewa, bai taɓa ƙwayar maleriya ba ko kaɗan, to ka ga wanda ya sha ya yi gumi ya ce ya warke. IL-6 kuma yana zuwa hanta ya sa ta fitar da CRP, wanda muke aunawa a gane ko akwai kumburi a jiki, ya kuma sa ta fitar da hefsidin wanda ke kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiya don kada bakteriya su samu. Wannan ne dalilin da mai tarin fuka ko mai tsohon gyambo zai shanye kwalba biyar ta maganin ƙarin jini amma PCV, ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, bai motsa ba, ƙarfen yana shiga amma an hana shi fita, sai an kashe ciwon tukuna. Wani saƙon kuma, G-CSF, ɓargo yake zuwa ya ce a ƙaro nutrofil, shi ne WBC ke tashi.

Duk wannan matakin gaggawa ne. Mai zurfin yana faruwa a kaluluwar da ta fito ma yaron a matse-matsi bayan kwana biyu ukku, wadda iyaye ke ta dannawa suna shafa man zafi. Akwai wata ƙwaya mai rassa da ake kira dendiritik, wani Ralph Steinman ya gano ta a 1973, aka ba shi kyautar Nobel a 2011 kwana ukku bayan rasuwarshi, kwamitin ba su ma san ya rasu ba. Ita takan haɗiye bakteriyar, ta yayyanka furotin ɗinta, ta ɗora gutsuren a kan wani furotin nata mai suna HLA a bayanta, sannan ta bi wani saƙon janyowa zuwa kaluluwa mafi kusa. A can limfosait nau'in T ke ta zuwa suna shafa ta ɗaya bayan ɗaya, kowane da makarɓi na daban da na ɗan'uwanshi, wataƙila ɗaya cikin dubu ɗari ko cikin miliyan ne nashi zai dace da gutsuren nan. In an dace ma bai isa ba. Sai dendiritik ta nuna shaida ta biyu, wani furotin B7 da ba ta fito da shi sai in da gaske ta ga cuta, ya haɗu da CD28 na jikin T. In shaida ɗaya ce kawai, T ɗin ba ya tashi, ma dai kashe mashi jiki ake yi ya daina amsawa, kuma rahama ce wannan, don da ba haka ba da duk gutsuren naman jikinka da aka nuna mashi sai ya far mashi. In biyun sun cika sai ya fara sakin IL-2, wanda shi da kanshi yake ji, ya yi ta rabuwa biyu, huɗu, takwas, cikin kwana huɗu zuwa mako ya zama dubbai. Kumburin kaluluwa ke nan.

A cikin T ɗin nan akwai masu ɗauke da furotin CD4, su ba su kashe komai da kansu, umarni suke badawa. Su ke taɓa limfosait B ta hanyar CD40 su ce ya gyara antibodi ɗinshi, furotin ɗin da yake fitarwa su manne ma ƙwayar cuta, ya yi mai inganci mai daɗewa, wanda shi ne abin da allurar rigakafi ke nema. Su ke aika ma makrofej intaferon gama su ce ya ƙara wuta ya narkar da abin da ya haɗiye. Tarin fuka a nan ake riƙe shi: ƙwayar tarin, wato tibi, na zama a cikin makrofej ba ta mutu ba, makrofej ya aika IL-12, T ya maido da intaferon gama, TNF ya tara ƙwayoyi su kewaye wurin su rufe shi, mutum ya yi shekara talatin da ita a huhu bai taɓa tari ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, akasarinsu ba za su yi ciwon ba. Da aka fara ba masu ciwon gaɓɓai allurai masu toshe TNF a ƙasashen Turai da Amurka sai aka ga tibi na tashi a jikin wasunsu, shi ya sa yanzu sai an duba mutum kafin a fara mashi.

To ƙwayar HIV CD4 ɗin nan take kamawa ta shiga, tare da wani makarɓin saƙon janyowa, CCR5. Wato ta ƙofar maganar take shiga ta kashe masu bada umarni. Lafiyayye na da CD4 tsakanin 500 da 1,500, in ya sauka ƙasa da 200 an shiga haɗari. Kuma wallahi za ka iya ganin mutum CD4 ɗinshi bai kai 100 ba amma jimillar WBC ɗinshi 5 ko 6, injin bai buga tauraro ba, don nutrofil sun cike lissafin. Ƙyanda ma haka take yi ta wata fuskar, ta wani furotin CD150 take shiga, wanda ke bayan limfosait masu ajiye tarihin cututtukan da yaro ya taɓa yi. Binciken da aka buga a 2019 kan yaran Holan da ba a yi ma rigakafi ba ya nuna bayan ƙyanda sun rasa daga kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodi da suke da su. Abin da kakanninmu suka lura da shi ke nan, yaro ya tashi daga baƙon dauro sai gudawa, sai ciwon haƙarƙari, sai ƙuraje, ya yi ta lalacewa. Rigakafin ƙyanda allura biyu ce, wata 9 da wata 15, kyauta, kuma ta fi duk wani gwangwanin ƙara garkuwa da ke kasuwa.

Yanzu ga ɓangaren da masu tallan "ƙara garkuwa" ba su taɓa faɗi, rabin maganar da ƙwayoyin nan ke yi ma juna "ya isa haka" ce. Akwai IL-10 mai kwantar da makrofej. Akwai CTLA-4 da PD-1 da ke fitowa a bayan T bayan ya yi aiki su taka mashi birki, waɗanda suka gano yadda za a saki birkin nan a yaƙi ciwon daji, James Allison da Tasuku Honjo, sun samu Nobel a 2018, kuma illar magungunan da aka fi sani ita ce garkuwar ta juya ta kama hanjin mutum ko fatarshi ko hantarshi. A watan Maris na 2006 a Landan an gwada wata allura da ke danna CD28 kai tsaye ba tare da jiran shaida ta farko ba, wato ƙara garkuwa na gaskiya ke nan. Samari shida lafiyayyu aka yi mawa, cikin 'yan awoyi dukkansu suna ɗakin kulawa ta musamman, gaɓoɓin jikinsu na tsayawa, saitokain ya yi ambaliya. Sun rayu amma da ƙyar. Irin wannan ambaliyar ce ke kashe mai cutar da ta shiga jini, jijiyoyi duk su buɗe lokaci guda, hawan jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. A korona ma da yawan waɗanda suka mutu a mako na biyu ba yawan ƙwayar cutar ba ne ya kashe su, martanin jikinsu ne, shi ya sa a watan Yuni na 2020 binciken Jami'ar Oksfod ya nuna deksametason, maganin da ke rage garkuwa, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin ukku a waɗanda ke kan injin numfashi. Waɗanda ba su buƙatar iskar oksijin kau bai amfane su ba.

Tunda na ambaci deksa bari in ɗan ratse, don abin na ci mani tuwo a ƙwarya. Ƙwayar nan da 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba, sha-ka-fashe, da yawanta deksa ce ko danginta, haka wasu mayukan bilicin. Aikinta shi ne ta shiga cikin ƙwaya ta hana a rubuta saƙon TNF da IL-1 da IL-2 tun daga tushe, ta kuma rage ɗanɗanƙon nan da nutrofil ke kama bango da shi. Sai waɗanda ke rakuɓe a bango su saki su faɗo cikin jini, ka auna ka ga WBC 14, 15. Lamba ta hau, garkuwa ta faɗi. Fuska ta yi fam, ga maruru, ga ƙaiƙayin gaba ba ya jin magani, ga suga na leƙowa, tibi da ke kwance ta samu hanya. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, yana iya kayar da ita, ta je asibiti a rage mata a hankali.

Mu dawo kan yaron maƙwabcinku. A sikila jajayen ƙwayoyin jini na fashewa kullum, abin da ke zubowa daga cikinsu yana taɓa TLR ɗin nan kamar dai cuta ce ta shigo, to bangon jijiya kullum a shirye yake da selektin a waje, ɓargo kullum ana ce mashi ƙaro. Nutrofil su manne a bangon ƙananan jijiyoyi ba tare da akwai ƙaya ko bakteriya ba, su kuma cafko jajayen ƙwayoyin da suka lanƙwashe, hanya ta toshe, ciwon ƙashin nan ya taso da ke sa yaro kuka cikin dare. Ke nan 19 ɗin nan ba ƙarfi ba ne, yana cikin abin da ke kwantar da shi, kuma an daɗe da lura cewa masu sikilar da WBC ɗinsu ya fi hawa sun fi shan wuya. Ga shi kuma saifarshi, inda ake tace bakteriya masu kauri a baya irin masu kawo sanƙarau da nimoniya, yawanci ta lalace tun kafin ya shekara biyar. Maganin haidiroksiyuriya yana ƙara irin jinin jarirai da ba ya lanƙwashewa, amma wani ɓangare na amfaninshi shi ne yana rage nutrofil ɗin, kuma an gwada shi a yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Akwai wata allura mai toshe selektin da Amurka ta amince da ita a 2019, Turai ta janye ta a 2023 da babban gwaji bai nuna tana da amfani ba, wato toshe furotin ɗaya bai isa ya kwance wannan ƙulli ba.

Ita kuma ƙanwarka, abin da na fi zato game da ita labari ne da ya shafe mu kusan duka. Akwai wani furotin a bayan jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Dafi (Duffy a Turance, ba dafin maciji ba), a 1993 aka gano ashe makarɓin saƙonnin janyowa ne irin su IL-8, yana tsotse su yana daidaita yawansu a jini. Wani nau'in maleriya, baibaks, ta kanshi yake shiga jan ƙwaya. Mu mutanen Afirka ta Yamma fiye da kashi 90 cikin 100 ba mu da shi a jajayen ƙwayoyinmu, shi ya sa baibaks ba ta cika kama mu ba, falsifarum ce tamu. Kuma waɗanda ba su da Dafi nutrofil ɗin da ke yawo a jininsu ya fi ƙaranci, lafiyayyu da yawa na sauka ƙasa da 1,500, alhali ɓargonsu na aiki daidai, in cuta ta zo suna amsa kira, ba su fi kowa kamuwa da ciwo ba. Ma'aunin 4.0 zuwa 11.0 kuma asalinshi daga jinin Turawa aka ɗauko. To a Katsina ko Daura ganin 3.4 a jinin budurwa mai cin tuwonta tana zuwa makaranta ba abin firgita ba ne, muna ganinshi yau da gobe.

Ban ce a yar da takardar ba. Masassarar bairos na saukar da WBC na ɗan lokaci, taifod na yi, HIV na yi, magunguna irin su Septrin da kuloramfenikol da maganin maƙoƙo kabimazol na yi, cutar ɓargo ma na yi. Ku kai ma likita takardar, ba mai kemis ba. Ya duba layin da aka rubuta nutrofil shi kaɗai ba jimilla ba, ya duba PCV da filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ko su ma sun sauka, don in ukkun suka faɗi tare magana ta canza. Ya tambayi duk abin da take sha har na gargajiya da na gyaran jiki. A maimaita gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu, a roƙi a shafa a gilashi mutum ya duba da ido. In tana yawan gyambon baki, ko maruru na dawowa, ko rama, ko gumin dare, ko kaluluwar da ta ƙi sauka, kada a jira. Nutrofil ƙasa da 500, wato 0.5 a takarda, tare da masassara kuma na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Maganin da ke ɗaga nutrofil da gaske akwai shi, G-CSF ɗin nan ne aka yi na allura, masu shan maganin ciwon daji ake yi mawa, yana da tsada yana kuma sa ciwon ƙashi, ba a shayi ko kafso yake zuwa ba. Kuɗin wata ukkun nan a sai ƙwai da wake da gyaɗa da kifi da nono, don duk saƙonnin da na lissafo da makarɓansu furotin ne, da abinci ake gina su. Ka leƙa cibiyoyin tamowa da gwamnati da ƙungiyar likitoci ta MSF ke gudanarwa a jihar nan ka gani, yaro na iya zuwa da cuta ta cika mashi jini amma jikinshi ba zafi, wani ma sanyi ƙalau, WBC daidai, saboda jikin ba shi da abin da zai haɗa IL-1 ɗin da zai ɗaga zafin. Shi ya sa ƙa'ida ce duk yaro mai tsananin tamowa a ba shi amoksisilin ko bai nuna alama ba.

Yaron maƙwabci kuma ka gaya ma mahaifinshi ya tambayi likitan sikila maganar haidiroksiyuriya in ba a fara ba, da fenisilin na kullum in bai wuce shekara biyar ba, da rigakafin nimoniya, da maganin kariya daga maleriya da gidan sauro. In zafin jikinshi ya kai 38.5 a kai shi asibiti a ranar, kada a ba shi farasitamol a ce a ga gobe.